Awon iskar ɗaki: hanyar gano cuta cikin taron jama'a da kuɗi kaɗan

Ka san yadda ake awon cuta a likita. Mutum yana zuwa, a ɗibi jininsa ko majinarsa ko kakinsa, a kai ɗakin awo, a jira sakamako. Wannan hanya tana da kyau idan mutum ɗaya ne ba shi da lafiya. Amma yaya za a yi da makaranta mai ɗalibai ɗari shida, ko barikin soja, ko gidan kaso, inda ake son a san kowane mako ko wata cuta mai yaɗuwa ta shigo? A auna kowa da kowa, mako bayan mako? Kuɗin da hakan zai ci ya fi ƙarfin yawancin hukumomi, har a ƙasashe masu arziki.

Wannan matsala ta fito fili a lokacin annobar korona, wadda ake kira Kobid-19. Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019. A watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa ta zama annobar duniya, kuma a cikin wannan watan ne aka samu mutum na farko da ya kamu a Nijar. Abin da ya sa cutar ta yi wuyar tarewa shi ne, mutum yana iya ɗauke da ita, yana baza ta, alhali shi kansa bai ji komi ba. Saboda haka makarantu da jami'o'i da masana'antu da yawa a Turai da Amurka suka riƙa auna mutanensu a kai a kai, masu lafiya da marasa lafiya. Mafi yawan awon nan yakan dawo da amsa ɗaya: babu cuta. An kashe kuɗi masu yawa don a ji cewa babu komi. Daga nan ne masana suka ƙara mai da hankali ga wata dabara: maimakon a auna mutane ɗaya bayan ɗaya, a auna iskar da dukansu suke shaƙa.

Abin da ke cikin iskar ɗaki

Duk lokacin da kake numfashi, ko magana, ko waƙa, ko tari, wasu ƴan ɗigo-ɗigon ruwa suna fita daga bakinka da hancinka. Manyan suna faɗuwa ƙasa nan kusa. Ƙananan kuwa ido ba ya ganinsu, kuma ba su da nauyin faɗuwa da sauri. Suna yawo cikin ɗaki kamar yadda hayaƙin turare yake cika ɗaki ko da an ɗauke kaskon. Idan mutum yana ɗauke da cutar numfashi, ƙwayoyinta suna hawa waɗannan ɗigo-ɗigo su fita tare da su.

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai waɗanda ake kira bakteriya, kamar mai kawo tarin fuka da mai kawo sanƙarau. Akwai kuma waɗanda suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ana kiransu birus. Mura, ƙyanda, shan inna da korona duk birus ne ke kawo su. Birus ɗin ƙyanda, wato baƙon dauro, yana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai cutar ya fita.

Sanin cewa iska tana ɗaukar cuta ba sabon abu ba ne. A cikin shekarun 1950, a wani asibitin birnin Baltimo na Amurka, wani masani mai suna Richard Riley da abokan aikinsa sun yi wani gwaji da ya yi suna. Sun ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta cikin bututu zuwa wani ɗaki a saman ginin, inda suka ajiye ɓerayen masar wajen 150. Dabbobin ba su taɓa haɗuwa da majinyatan ba, iskarsu kawai suka shaƙa, amma wasu daga cikinsu suka kamu da tarin fuka. A gwaji na biyu, an haska wani irin haske mai kashe ƙwayoyin cuta ga rabin iskar. Dabbobin da suka shaƙi wannan rabin ba su kamu ba. Za ka iya cewa waɗannan ɓeraye su ne ma'aunin iska na farko, sai dai amsarsu tana ɗaukar makonni kafin ta fito. Duk da wannan tsohon sani, sai a shekarar 2021 OMS ta faɗa a fili cewa korona ma tana yawo a iska ta wannan hanya.

Yadda na'urar take aiki

Na'urar awon iska akwati ce da ake iya ɗorawa bisa tebur ko kanta. A cikinta akwai fanka mai zuƙo iskar ɗaki. Iskar tana bi ta kan wani ɗan soso ko matata, ko kuma a juya ta cikin ruwa kaɗan, sai ƙura da ɗigo-ɗigon da ke cikinta su maƙale. Aikinta kamar na rariya ne: iska ta wuce, abin da take ɗauke da shi ya tsaya.

Ɗauki misalin wadda kamfanin Thermo Fisher na Amurka ya fitar a 2021, mai suna AerosolSense. Tana zuƙar iska lita 200 a minti ɗaya. Babban mutum da ke zaune yana shaƙar lita shida zuwa takwas a minti. Ke nan na'urar ita kaɗai tana zuƙar abin da mutum wajen talatin za su shaƙa. Ana barinta tana aiki na wasu awowi ko wasu kwanaki. Daga nan ma'aikaci ya zare sosan, ya rufe shi cikin kwalbarsa, ya aika ɗakin awo.

A can ana yi wa sosan irin awon da ake yi wa majinar mutum, wanda ake kira PCR. Kowane birus yana da nasa rubutun halitta, wanda ya bambanta shi da sauran. Awon PCR yana neman wani ɗan yanki na wannan rubutu, ya yi ta ninka shi, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har ya yi yawan da inji zai iya gani. Shi ya sa ko ƙwayoyin kaɗan ne aka kama, ana iya gane su. Kuma da soso ɗaya ana iya neman cututtuka da dama a lokaci guda.

Lissafin da ke nuna riba

Tunanin haɗa mutane da yawa cikin awo ɗaya ya girmi korona. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka tana auna jinin samarin da za a ɗauka soja don neman ciwon tunjere. Wani masanin tattalin arziki mai suna Robert Dorfman ya kawo shawara: a haɗa ɗigon jinin mutane da dama a kwalba guda, a auna sau ɗaya. In babu cuta, an sallami dukansu da awo ɗaya. In akwai, sai a koma a auna ƴan wannan rukuni ɗai-ɗai. A 2020 cibiyar bincike ta Noguchi da ke Akra a Gana ta yi amfani da wannan dabara wajen awon korona, haka ma ƙasar Ruwanda. Awon iska ɗan wannan dabara ne. Bambancin shi ne, ba sai an bi kowa an cusa masa tsinke a hanci ba. Ɗakin da kansa ya riga ya haɗa numfashin kowa.

Bari mu yi lissafi tare. Ɗauki alƙalami in kana so. A ce makaranta tana da ɗalibai 600, aji 12, kowane aji yara 50. Ana son a sa ido kowane mako har mako 30.

Idan za a auna kowane yaro, awo 600 ke nan a mako. A mako 30 ya zama awo 18,000.

Idan iskar kowane aji za a auna, awo 12 ne a mako, wato 360 a mako 30. Amma lissafin bai ƙare ba. A ce kowane mako aji ɗaya yana nuna alamar cuta, sai an auna yaransa 50 don a gane masu ita. Wannan ya ƙara awo 1,500. Jimla 1,860.

Ka ga 1,860 a gefen 18,000, kusan kashi ɗaya ne cikin goma. Don lissafi kawai, a ce kowane awo yana cin jaka biyar ta sefa. Hanya ta farko za ta ci miliyan 90, ta biyu miliyan 9 da jaka 300. Ko an cire kuɗin sayen na'urori da sososhinsu da kuran da ladan ma'aikaci, akwai sauran rara mai yawa. Ban da kuɗi, akwai lokacin karatu da ba a ɓata ba wajen jera yara a layi, da kukan ƙananan da ba su son tsinke a hanci.

Yanzu juya lissafin. A ce annoba ta yi ƙarfi a gari, aji 10 cikin 12 suna nuna alama kowane mako. Za a yi awon iska 12, a ƙara na yara 500, jimla 512. Tsakanin 512 da 600 babu wata tazara, kuma ga kuɗin na'urori a kai. Riba ta tafi. Wannan shi ne abin da ya kamata ka riƙe fiye da komi a cikin wannan bayani: awon iska yana rage kuɗi ne a lokacin da cuta ba ta da yawa, lokacin da mafi yawan amsoshi za su ce babu. Idan cuta ta riga ta game gari, na'urar za ta yi ta faɗa maka abin da ka riga ka sani.

Abin da aka gani a inda aka gwada

Masanan Jami'ar Wiskonsin ta Amurka sun ajiye irin waɗannan na'urori a wurare 15 da jama'a ke taruwa a jihohin Wiskonsin da Minesota, ciki har da makarantu da asibiti da wurin shan kofi na jami'a. Cikin mako 29, daga tsakiyar 2021 zuwa farkon 2022, sun auna samfurin iska 527. A cikin 106 sun samu alamar korona. Sun kuma samu birus ɗin mura da wasu cututtukan numfashi, har sun iya bambanta nau'in korona da ake kira Delta da wanda ya biyo bayansa, Omikron. An buga sakamakon a 2022.

A ƙasar Beljiyam, masanan Jami'ar Luben sun auna samfurin iska 341 daga wurare 21, suna neman ƙwayoyin cuta iri 29. Abin da suka gano, wanda aka buga a 2023, ya shafe ka ko da ba ka taɓa ganin na'urar ba: ɗakunan da iska ba ta shiga da fita sosai, inda numfashin mutane ke taruwa, su ne aka fi samun ƙwayoyin cuta a cikinsu.

Babban cikas ga waɗannan hanyoyi shi ne jiran ɗakin awo. Kafin a kai soso a dawo da amsa, kwana ɗaya ko biyu sun wuce, cuta kuwa ba ta jira. A 2023 masanan Jami'ar Washinton da ke birnin San Luwis suka nuna wata na'urar gwaji mai zuƙar iska lita 1,000 a minti, mai ba da amsa cikin minti biyar ba tare da an kai komi ɗakin awo ba. Abin da ke kama birus ɗin a cikinta wani sinadarin garkuwar jiki ne da aka samo daga lama, wata dabbar Amurka ta Kudu. Lama ƴar'uwar raƙumi ce, kuma raƙuman ƙasarmu ma suna da irin wannan ƙaramin sinadari a jininsu. Lokacin da aka nuna ta, na'urar tana matakin gwaji ne, kuma ƙararta ta yi yawa ga ɗakin karatu.

Masu kula da lafiyar dabbobi ma suna aiki da dabarar. Babu wanda zai iya bin kaji dubu goma yana auna su ɗai-ɗai. A 2015, da murar tsuntsaye ta faɗa wa gidajen kaji da talo-talo a Amurka, an samu birus ɗin a cikin iskar akurkunan da kuma iskar da ke fita daga cikinsu. Mutanen jihar Damagaram sun san wannan cuta, domin a Magarya aka fara tabbatar da ita a Nijar a watan Fabrairu na 2006.

Abin da na'urar ba ta iyawa

Na'urar mai gadi ce. Tana iya cewa ɓarawo ya shigo, amma ba ta san sunansa ba. Ba ta faɗin wane ne mai cutar, ba ta faɗin ko mutum ɗaya ne ko biyar. Ta wani ɓangare wannan alheri ne, domin ba a nuna kowa da yatsa, ba a tona asirin kowa. Ta wani ɓangaren kuma, in ana son a yi wa wani magani ko a keɓe shi, tilas a koma ga awon mutum.

Awon PCR rubutun halittar birus yake gani, ko birus ɗin yana da rai ko ya mutu. Saboda haka amsar da ta ce akwai ba ta nufin lalle iskar ɗakin tana iya sa wa mutum cuta a wannan lokaci. Mai yiwuwa baƙo ne ya shigo jiya ya fita. Amsar da ta ce babu kuma ita ce ta fi bukatar hattara. Mutane sun bambanta ƙwarai wajen yawan ƙwayoyin da suke fitarwa. Wani yana fitar da su da yawa, wani kaɗan ƙwarai. Yaro mai cuta da ke zaune nesa da na'ura, kusa da taga, iska tana iya fitar da numfashinsa waje ba tare da sosan ya kama komi ba. Girman wuri ma yana da tasiri. In an ajiye na'ura ɗaya a babban ɗakin cin abinci don a rage kuɗi, alamar za ta yi rauni, kuma in ta bayyana, mutanen da za a bi a auna sun yi yawa.

Haka kuma ba kowace cuta ce ke bin iska ba. Zazzaɓin cizon sauro, kwalara da sida ba su cikin aikin wannan na'ura ko kaɗan.

Yaya abin yake ga irin ƙasarmu?

Wannan tunani na auna wuri maimakon mutum ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun 2011 ma'aikatan lafiya suke ɗibar ruwan ƙazanta daga magudanan birnin Kano suna neman birus ɗin shan inna. Kwalba ɗaya tana ba da labarin unguwanni masu dubban mutane, har da yaran da ke ɗauke da birus ɗin ba tare da sun shanye ba. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka taimaka har aka bayyana a watan Agusta na 2020 cewa yankin Afirka ya rabu da shan inna na asali. Ruwan magudana yana ba da labarin gari, iska kuma tana ba da labarin ɗaki guda.

Sai dai gwaje-gwajen da muka ambata an yi su ne a ƙasashen sanyi, inda mutane ke wuni cikin ɗakuna a rufe. A nan abubuwa da yawa sun bambanta. Ajin rumfar zana da kasuwa da zaman ƙofar gida duk a fili suke, iska tana kaɗawa, babu abin da na'ura za ta tara. Wannan kuwa ba asara ba ce, domin iskar da ke hana na'ura aiki ita ce ke rage yaɗuwar cutar. A lokacin hunturu hazo da ƙura suna iya cika sosan, ƙura mai yawa kuma tana dagula awon PCR. Na'urar tana bukatar kuran da ba ya yankewa, ko batir da faranti mai aiki da hasken rana. Sosan da aka zare yana son sanyi a hanya, kuma sai ya isa babban ɗakin awo irin na cibiyar CERMES da ke Yamai. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce. Amsar da ta zo bayan mako guda ba ta tare komi.

Saboda haka, a ganinmu, wuraren da wannan dabara za ta iya biyan kuɗinta a irin ƙasarmu kaɗan ne: ɗakunan kwanan makarantun kwana, gidajen kaso, barikoki, ɗakunan jira na manyan asibitoci, da manyan gidajen kaji. Duk wurare ne masu rufi da bango, inda mutane ko dabbobi iri ɗaya ke daɗewa tare, kuma akwai shugaban da zai iya ɗaukar mataki. Ga makarantar ƙauye kuwa, kuɗin na'ura ɗaya zai fi amfani in an sa shi wajen fasa tagogi biyu masu fuskantar juna, da tabbatar da cewa kowane yaro ya samu allurar rigakafin ƙyanda.

OMS ta ɗage dokar ta-ɓaci ta korona a watan Mayu na 2023, kuma yawancin makarantun da ke auna kowa kowane mako sun daina. Amma mura da ƙyanda da murar tsuntsaye suna nan, bincike kan awon iska kuma yana ci gaba. Idan wata rana aka kawo wannan shawara gaban kwamitin makarantarku ko na likitar garinku, kuma kana cikin masu yanke magana, tambayi mai kawo ta wace cuta ake nema, ina za a kai sosan, kwana nawa amsa za ta yi kafin ta dawo, kuma wa zai ci gaba da biyan kuɗin soso da awo bayan tallafi ya ƙare. Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce: in amsa ta ce akwai cuta, mi za a yi washegari? Dole a shirya wannan tun kafin a kunna na'ura, a san wa zai sanar da iyaye, wa zai auna yaran, da inda za a kai wanda aka samu.

Idan kuma aka aiko maka cewa an samu alamar cuta a iskar ajin ɗanka, kada hankalinka ya tashi. Ba a ce ɗanka ne ke da ita ba. Duba jikinsa ko akwai zazzaɓi, tari, majina ko ƙuraje. In an kira a auna shi, kai shi. In yana da ɗaya daga cikin waɗannan alamu, kada ya je makaranta, kai shi likita, kuma a raba masa wurin kwana da jarirai da tsofaffin gida har ya samu sauƙi.